Ni na haɗa manhajar, 'yar yayana ta ɗauki laifin

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karatu. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ni dilan taki da iri ne a Bauchi, da buhu ɗaya na fara. 'Yar yayana marigayi, wadda na riƙe a gidana na Fadaman Mada tun tana ƙarama, ta karanci kwamfuta, ita ta rubuta mini manhajar da manoma ke yin oda ta waya. Ta taɓa nuna mini cewa duk sanda za a haɗa sabuwar manhaja, sai an gaya wa abin haɗawar inda oda za ta riƙa zuwa, wurin gwaji ko shagona na gaske. Ta ce, "Baffa, in ba a gaya masa ba, gwaji yake ɗauka. Kar ka taɓa sai ina nan."

Ana gab da damina zazzaɓi ya kwantar da ita asibiti, ni kuma ina son sabon farashi ya fita a ranar. Na sha ganin yadda take yi, me zai gagare ni? Na buɗe kwamfutarta, na haɗa, na tura wa mutane, ban saka saitin inda oda za ta je ba. Manoman Inkil suka yi ta oda, waya tana ce musu an karɓa, ni ko ɗaya ban gani ba. Suka zauna jiran motar kayansu har lokacin shuka ya wuce. Da suka cika ƙofar shago, wani dattijo ya ce, "Alhaji, gonata ciyawa ce zalla, wa ya yi mana haka?" Na ce matsalar manhaja ce. Kowa kuwa ya san wadda ta rubuta ta.

Da aka sallame ta daga asibiti, ta duba manhajar, sannan ta ce, "Ashe cikin zafin zazzaɓi na haɗa ban sani ba. Ka yafe mini, Baffa." Ina tsaye a kanta na ce ba komai. Wane irin uba ne ni?

Na biya manoman da na iya, amma ita ta daina fita, ta daina dariya. Jiya ta kawo mini kwamfutar cikin jakarta, ta ce, "Kai ka iya ciniki, sayar mini. Ban dace da wannan aikin ba."

Kwamfutar tana ƙarƙashin teburina yanzu, har wani ya taya. Wallahi ban taɓa jin tsoron ɗan kasuwa ba, amma ina tsoron idon yarinyar nan in ta ji gaskiya. In kuma na yi shiru, na raba marainiya da aikin da take so.

Jama'a, me zan yi?