Fulogin Injinka Yana Jakata

Injiniya,

Na wuce wurin aiki. Ban tashe ka ba, munsharinka ya nuna jiya ka sha fama.

Ɗazu na bi hanyar bayan gida da ka share da sabon injinka na yankan ciyawa. Sannu da ƙoƙari! Ƙayar da ke yaga mana zani tana nan daram, ko ganye ɗaya ba ta rasa ba. Amma dashen lemona shida, da na yi shekara biyu ina raino, ka aske su tas. Jan ƙyallen da na ɗaura musu don a kiyaye su, ashe kai a wurinka alama ce ta "fara da ni". Tiyon ruwa ma ya zama uku.

Na ji kana gaya wa maƙwabci yau wajen gwanda za ka shiga. Kada ka wahalar da kafaɗarka da jan igiya, fulogin injin yana jakata.

Adda tana bayan ƙofa. Je ka sare ƙayar nan. Na ɗaura mata jan ƙyalle, na san yanzu ba za ta tsere maka ba.

Matarka