Kun Sauya Tsarin Talabijin, Baba Ya Daina Yarda da Kansa

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke kula da manhajar talabijin ɗinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ma'aikaciyar gwamnati ce a Sakkwato, kuma hankalina a tashe yake.

Mahaifina malami ne. Tsufa da ciwon ƙafa sun hana shi zuwa majalisin tafsiri, shi ya sa na sayo masa talabijin mai intanet. Baba yana karanta Larabci da ajami, amma boko ko harafi ɗaya. Sai muka yi dabara, ya haddace dannawa a rimot: ƙasa sau biyu, dama sau uku, sai maɓallin tsakiya, tafsiri ya fito. Wata da watanni haka yake yi ina ofis.

Na farko, makon jiya manhajarku ta sabunta kanta, ba sallama ba neman izini. Kuka tura tafsiri can ƙarshe, kuka jera tallan finafinai a gurbinsa. Baba ya ƙirga daidai, sai ga kiɗa da 'yan rawa, a gaban surukinsa da ya zo gaishe shi.

Na biyu, na nemi inda zan mayar da tsohon tsari, babu. Na koya masa sabuwar ƙirga, ba a yi kwana huɗu ba kuka sake jujjuya jerin.

Na uku shi ne ya hana ni sukuni. Baba bai yarda na'urar ce ta canza ba. A ganinsa ƙarfe ba ya tashi daga inda aka ajiye shi, don haka ƙwaƙwalwarsa ce ta fara zuba. Ya sallami dattawan da ke ɗaukar hadisi wurinsa bayan la'asar, wai wanda ya kasa riƙe dannawa shida bai cancanci riƙe maganar Manzon Allah ba. Na rantse masa, ya ce tausayinsa nake ji. Wallahi tsoro nake ji, kullum ƙara yin shiru yake.

Ina roƙonku ku ba mu hanyar kulle tsari yadda muka jera shi, kuma ku riƙa tambaya kafin ku taɓa. Amma kafin komai, ku rubuto mana takarda, ko layi biyu ne, mai hatiminku, ku ce ku ne kuka sauya. Zan sa a mayar masa da ita ajami ya karanta da idonsa. Ya ƙi yarda da 'yarsa, wataƙila ya yarda da mai laifin.

Allah Ya yi muku jagora, Ya sa ku tsufa da hankalinku.

Wassalam.

Hajara,
Gidan Dahala, Sakkwato.