Buhunan Jan Zare

Zuwa ga Yaya Sahabi, Aliero.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Ya jikin Inna? Mu nan Fatakwal sai ruwan sama da ciwon baya.

Motar albasarka ta iso Talata. Nan take masu saye sunka yi ca a kan buhunan jan zare, waɗanda mata sunka tsince sunka ɗinke. Na maza, masu baƙin zare, sai da na zazzage su na fid da ruɓaɓɓu.

Direba ya gaya mini rabin ladan namiji kake ba mace a wuni. Har Hajara ƙanwarmu, mai marayu uku! Wai da ta yi magana ka ce namiji ke ciyar da gida. Gidan Hajara wa ke ciyar da shi? Kai?

Ban manta kai ka ba ni jari ba. Dako kuma maza ke yi, biya su dakonsu daban. Amma tsinta tsinta ce. In ba ka daidaita ba, nemi wani ya sayar maka. Na gaji da karɓar yabo a kan hannun da ka raina.

Ka ce wa Inna ta sa ni cikin addu'a. Gai da Hajara, in kana iya kallon idonta.

Ƙaninka,
Bello.