Ko Rana Ta Yi Aman Wuta, Ki Zo Suna

Surukarmu Mansura ta sauka! Mace ce, lafiyayya, ranar Juma'a da hantsi, kuma wallahi goshinki ta ɗauko, har da 'yar lotsawar nan ta haɓarki! Ɗanmu Shehu ya miƙo mini ita, na yi mata huɗuba a kunne da sunanki: Halimatussa'adiya.

Kin ga murna ta sa na faɗo ba sallama. Assalamu alaikum, Iyar Shehu, randar ɗakina mai sanyin ruwa, gawona mai ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, ruwan farko a kan busasshiyar gonata, hasken idon tsoho! Ina gajiyar jinya? Yaya ƙafar Yaya Ubale?

Na tambayi ƙafarsa ne don zumunci, amma fushi nake yi da shi, kuma ke ma kina da rabonki. Kwana huɗu ina kiran wayarki, matar nan ta cikin waya tana ce mini a kashe take. Sai jiya Yazid direba ya dawo daga Gagarawa Tasha ya warware mini. Wai an turo muku saƙon murya cewa rana ta yi aman wuta, duk wayar da ke kunne za ta jawo wutar, kuma duk wanda ya hau hanya daga Alhamis zuwa Asabar zai ƙone. Wai yayanki ya tattara wayoyin gidan ya zuba a tukunya ya rufe da faifai, ya kuma rantse ba za ki fito ba sai Lahadi. Lahadi! Suna fa ranar Juma'a ne! A raɗa wa yarinya sunanki ke kina ɓoye a ɗaki? Wa zai tsaya a kan wankan jego? Wa zai riƙe takwara a gaban mata? Faifai ne zai tare rana, Iyar Shehu? Faifan da ko kaza ba ya hanawa taɓa tsaki?

Ban tsaya ga fushi kawai ba. Yau da safe na hau babur daga nan Sule Tankarkar har Gumel, wurin Zakiyya 'yar ƙanina, mai koyar da kimiyya. Ta zaunar da ni ta nuna mini hoton rana da aka ɗauka da na'ura. Na ga wani dogon baƙin zare kwance a fuskarta, kamar igiyar guga da aka yar a bakin rijiya. Ta ce ba zare ba ne, tururin wuta ne rataye a saman rana, kuma tsawonsa ya ninka faɗin duniyarmu sau da yawa. Wani lokaci sai ya tsinke, rana ta yi walƙiya, ta watso wani abu kamar gajimare. Hasken walƙiyar minti takwas yake yi ya iso mu, gajimaren kuwa kwana ɗaya zuwa uku, in ma ya nufo mu ke nan. Har nan mai saƙonku bai yi ƙarya ba.

Ga abin da ya ɓoye muku. Allah Mai hikima bai bar duniya tsirara ba. Ya kewaye ta da wani shinge da ido ba ya gani, kamar dangar da na yi wa gidanmu, ga kuma iska a samanmu kamar rufi. Abin da ya kutso yakan rikita rediyo, ya dami taurarin ɗan'adam, a wasu ƙasashe masu nisa ya taɓa manyan layukan lantarki, sama ta yi ja da kore. Ni kaina ranar Larabar da ta wuce da azahar rediyona ya yi ta shuu a gajeren zango, na yi ta dukansa a banza, Zakiyya ta ce mai yiwuwa shi ne. To shi ke nan fa! Ba ya ƙona matafiyi, ba ya bin waya ya shiga kunnen mutum. Da na faɗa mata zancen tukunya, sai da ta share hawaye don dariya. Ni ban yi dariya ba. Matata aka rufe mini.

Ke ce kuwa, Iyar Shehu? Kin manta shekarar da rana ta yi husufi, gari ya yi duhu da hantsi? Kaji suka hau kwana, awaki suka yi ta kuka, yara suna kaɗa gwangwani, maza muka ruga masallaci. Na dawo na same ki a tsakar gida kin ci gaba da dakan furarki. Kika dube ni kika ce Wanda ya rufe ta Shi zai buɗe ta, in zauna in sha ruwa. Na zauna. Hasken ya dawo ya sauka a goshinki kafin ya sauka a ko'ina, ko kuwa ni ne ban duba ko'ina ba. Ranar na san na auri dutse. Yau kuma muryar wani da bai faɗi ko sunansa ba ita za ta zaunar da ke?

Gidan nan ba ke, kango ne. Furar da ake dama mini ba ta sauka. Tabarmarki tana jingine inda kika bar ta, na hana a taɓa. In na ɗauki jaririyar na ga haɓar nan, sai in rasa wanda zan ce wa duba. Rana tana can nesa, nisan da Zakiyya ta rubuta mini lambarsa na kasa karantawa, amma duk da haka tana leƙo ni kowace safiya. Ke da ke nan Gagarawa, tafiyar da ba ta kai yini ba, kin fi ta nisa!

Kin sha yi mini dariya lokacin da nake zuwa ajin yamma da furfurata, ina juya "b" ta koma "d". Ga amfaninsa yau. Waya tana tukunya, amma takarda ba ta da makunni balle a kashe ta. Ki karanta da kanki, sannan ki karanta wa Yaya Ubale da ƙarfi, har wurin faifan.

Yazid zai tsaya a ƙofar gidan ranar Alhamis da safe, kafin ya wuce kasuwar Maigatari. Na riƙe miki gidan gaba a motarsa. In kuma har kina tsoron hanya, ki aiko ya faɗa mini, ni zan zo da kaina a kan babur, da tsakar rana, kaina ba hula, in tsaya a gaban yayanki ya ga ko na ƙone.

Shekara arba'in da ɗaya ban juya miki baya ba, ba kuma zan juya ba har a miƙe ni a dama.

Naki, jiya da yau da abin da ya rage,
Ilu

Af, na manta. Ranar suna Zakiyya za ta zo da hoton nan na rana, ta ce kada kowa ya kalli rana da ido, a kalle ta a takarda. Ki taho da Yaya Ubale da sandarsa, da matan gidan, da maƙwabta, da wayoyin tukunya. Rago yana ɗaure. Ku zo ku ga zaren da ya tsorata ku, sannan ku zo ku ga goshin yarinyar nan!