Na ɓoye sunan gwaggona, amma mijinta ya gane ta a rediyo

Anti, don Allah ki taimake ni, kunya ta hana ni taka gidan matar da ta raine ni.

Bara na samu gurbi a wani shiri da ke ɗaukar nauyin matasa masu binciken zamantakewa. Na zaɓi in yi nawa a kan masu jinyar 'yan'uwansu a gida, waɗanda ba mai ce musu ya gajiya. To gwaggona ma jinyar take, mijinta mai gyaran agogo ne, ɓarin jikinsa ya shanye. Sai na ce ga ta gida, bari in haɗa da ita. Ta yarda don ni ce, na kuma rantse mata ba wanda zai gane ta.

Ta faɗa min abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Yana da 'yar ƙararrawar tsohon agogo a gefen katifa da yake kiranta da ita, kuma akwai ranakun da in ta ji ƙarar sai ta shige banɗaki ta saki famfo, ta yi kukanta ta ƙoshi kafin ta amsa. Ƙa'idar aikinmu ita ce a canza duk abin da zai nuna mutum. Na canza sunanta da shekarunta, har 'ya'ya na ƙara mata. Ƙararrawar ce na kasa cirewa, don wallahi ta yi min daɗi a rubutu. Son yabo ne kawai, Anti, ba wani abu ba.

Aka kuwa yaba. Binciken ya sa asibitin yankinmu ya fara tura ma'aikata gida-gida, masu jinya suna samu su ɗan runtsa. Sai gidan rediyo ya karanta wani sashe, kuma nata aka zaɓa. Shi kuwa bawan Allah ba shi da abokin hira sai rediyo. Tun ranar bai sake kiranta ba. Ƙanwata ta ce ko ruwa yake so sai ya haƙura, rannan ma ya yunƙura da kansa ya faɗi. Gwaggo ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Yanzu shirin yana so in tsaya gaban jama'a in yi bayanin nasarata. Da wace fuskar? In ƙi zuwa ne, ko in ce a janye binciken gaba ɗaya?

Mai jin nauyin gwaggonta

'Yata, kin yi kuskure, kin kuma san inda kika yi shi, ba sai na ƙara miki gishiri ba. Amma magana zarar bunu ce, janye binciken ba zai mayar da ita ba. Sai dai ki cuci gidajen da suka fara samun sauƙi ta dalilinsa.

Ki sanar da shugabannin shirin a cire wannan sashe duk inda ya rage. Taron ma ki je. Ki faɗa wa masu tasowa su riƙa karanta wa mutum maganarsa kafin ta fita, ba tare da kin ambaci gidan kowa ba.

Abin da ya fi damuna ɓuyan da kike yi. Kunyarki ba ta ɗaga mara lafiya, ba ta wanke masa kaya, kin bar gwaggo da kaya biyu. Ki je ki ba ta haƙuri a taƙaice, kada ki yi kukan da ita za ta koma lallashinki. In ta amince, ki zauna da mijinta. Rabin labari ya ji. Ya ji tana kuka, bai ji cewa kullum takan wanke fuska ta zo ba, kuma ke kaɗai ce shaidar hakan. Daga nan ki ware rana guda a mako ki karɓi jinyar, ita ta yi barci.

Allah ya ba shi lafiya, ya ba ta lada, ke kuma ya sassauta miki hanyar gidan.