Kusurwar Hagu ta Kwamfutar Malama

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidan da yara kuna lafiya, kuma gwiwar ta yi sauƙi.

Shekarun baya, a shagon aski, na taɓa jin wani yana cewa wai akwai mutanen da ke zama su ƙera manhajar da ke tuƙa kwamfuta gaba ɗayanta, su raba ta kyauta, su kuma bar cikinta a buɗe kowa ya leƙa. Na ce wa mai askin ya ci gaba da aikinsa. Na ƙare ƙuruciyata a kan teburin gyaran agogo, ban taɓa ganin wanda ya ƙera ko allura ɗaya don Allah ba.

To, ga labarin ya biyo ni har ɗaki. Kin san kwamfutar Malama, Allah ya ji ƙanta, wadda ta ɗauki tatsuniyoyinta da muryarta a ciki kafin ciwo ya kwantar da ita. A kusurwar hagu ta ƙasa akwai wani ɗan hoto ruwan ɗorawa. In na danna shi, sai ta yi gyaran murya ta fara. Kwanakin baya kwamfutar ta soma nauyi, takan tsaya cak kamar mai tunanin duniya. Mijin 'yarki ta wajena, Injiniya, ya zo ya durƙusa ya ce a ba shi ya duba. Ya dawo da ita tana gudu, amma fuskarta ta sauya. Wai ya sa mata waccan ta kyautar, Linux. Na duba kusurwar hagu. Fili, Auta. Babu komai.

Ban tambaye shi ba. Da wane baki zan tambayi suruki ina ya kai mini mata? Amma tun ranar ba ya yarda mu haɗa ido, kuma ya tsiri kawo mini lemu. Mutum ba ya fara kawo lemu haka kawai.

Na bi layinmu na yi ɗan bincike. Mai kemis, mai hoto, akawun makaranta, ba wanda ke amfani da ita. Mai hoto ma ya ɗauka sunan maganin tari ne. Abu kyauta, kuma kowa ya wuce shi? Ni dai ban yarda ba. Shi ya sa kika ga takarda da biro, don wayar ma shi ya saita mini.

Ki gaishe da kowa.
Yayanki.

*

Yaya,

Muna lafiya. Gwiwa tana nan tana mulkinta.

Kai dai har gobe ba za ka sake ba. Yaro ya kawo maka lemu, ka buɗe masa kotu. Shi kuwa wannan bincike naka, da layinmu ka biyo ka tambaye ni, da na rantse maka ban taɓa jin sunanta ba. Da na karanta takardarka na kai tawa kwamfutar wurin mai gyara, ya ce ai ita ce a ciki tun ranar da ɗana ya ba ni. Shekara da shekaru ina kallon hotunan jikoki a kanta, ba ta ce mini komai ba, ni ma ban tambaye ta ba. Mu nawa ne haka, Allah masani.

Sai dai akwai abin da ban so in faɗa maka ba. Na kira 'yar tamu na bi da ita ta bayan fage. Ta ce ya kwafe komai kafin ya taɓa, amma muryar ta ƙi buɗuwa a sabuwar manhajar. Ta kuma ce ya tura wani guntu ga wasu mutane a intanet. Su wane ne, ba ta sani ba.

Kar ka hau sama. Tunda bakinka ya yi nauyi, hannunka ai lafiyarsa ƙalau. Rubuta masa.

Allah ya ƙara lafiya.
Auta.

*

Zuwa ga Injiniya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Lemun ya isa haka, na gode.

Muryar surukarka tana nan ko ba ta nan? In tana nan, su wa ka ba? Matar nan ko a taron makaranta ba ta yarda baƙo ya ɗauki maganarta. A sana'ata, in na bar bayan agogo a buɗe, ƙura ce ke shiga, sai yatsun waɗanda ba su iya ba. Ban ga yadda taku za ta bambanta ba. Ka faɗa mini gaskiya ko da ba daɗi, na binne wadda ta fi muryar.

Ka gaida iyali.
Babanku.

*

Baba,

Allah ya ƙara girma da lafiya. Ina neman afuwa bisa shirun da na yi.

Muryar Mama tana nan, ba abin da ya ɓace. Manhajar da ta ɗauka da ita tsohuwa ce, masu ita sun daina yin ta, kuma ta ajiye muryar a sigar da ita kaɗai ke iya buɗewa. Ban gane haka ba sai da na gama aikin. Na kasa zuwa in ce muku tana nan amma ba ta magana.

Abin da na tura gyaran muryar nan ne kaɗai da take yi kafin ta fara, babu kalma ko ɗaya. Wata mata ce ta amsa, ta ce direbar bas ce da ta yi ritaya. Ban tambayi ƙasarta ba. Ta gano yadda aka kulle shi, ta rubuta mabuɗin, wasu suka duba aikinta suka gyara mata kuskure. Yatsu suna shiga kam, Baba, amma a gaban idon kowa.

Na ji labarin binciken da kuka yi a layi kan masu amfani da Linux, kun yi gaskiya, a kwamfutocin gida ba su kai na sauran ba ko kusa. Amma da wuya a san adadinsu, tunda ba saye ake yi ba, mutum ɗaya kan sauke ta ya sa wa dangi duka.

In kun yarda zan zo bayan aiki in mayar da hoton kusurwar hagu. Akwai kuma wani ɗan guntu da Mama ta sa wa suna gwaji, ban saurara ba.

Ɗanku mai biyayya.

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice. Ta dawo. Na danna, ta yi gyaran murya, na tashi na rufe ƙofa.

Har yanzu ban gane abin da direbar bas ta ci a ciki ba, kuma ina nan ina sa ido. Amma na saurari gwajin. Malama ce tana gwada makirufo, 'yarki na gefe tana dariya. Malama ta ce, "In kwamfutar nan ta tsufa kar ku yar da ita. Akwai wata manhaja da mutane ke yi kyauta don kowa, a sa mata. Kar dai ku gaya wa babanku, cewa zai yi sai ya ga mai shagon."

Labarin nan na ji shi a shagon aski, na ji shi a bakinki, na ji shi a bakin Injiniya. Wadda ta faɗa mini na ƙarshe Malama ce.

Ki gaya wa yaron yana iya ci gaba da kawo lemun.
Yayanki.