Gara Ta Cinye Mini Littafi

Mairuwa, daren Laraba, daminar 1978

Ban taɓa gaya wa kowa ba, a kan katakon rufin ɗakinmu nake ɓoye littafin soyayya. Yau na janyo shi, ƙasa ta zubo mini a ido. Gara ta cinye shi, har shafin da saurayin zai yi magana! Muguwa!

Na ƙwanƙwasa katakon, holoƙo ne, ga hanyarta ta jar ƙasa ta hau bango. Baba ne fa ya cire azarar giginya ya sa wannan katakon, wai "Kwano ake yayi yanzu." Inna kuma ƙarƙashinsa take kwana, ga iska.

In na faɗa, zai tambayi mi ya kai ni sama. To, bari ya tambaya ɗin! Da safe zan miƙa mashi guntun littafin, ya ga yayinsa.